Ranar da handil ya ci min babbar riga

Tunda bidiyon faɗuwar da na yi wajen tada mota a wurin ɗaurin aure ya riga ya zaga wayoyinku, har gwaggona ta Damagaram ta bugo tana tambayar ko hannun ya karye, gara ku ji daga bakin mai ita. Wanda ya ɗauka daga tsakiya ya fara, kuma kun san shi, kun san halinsa.

Motar dai kun santa. Morris Minor 1000 ce ta marigayi Kaka, ƙirar 1959, wadda ta fi shekara talatin a gindin darbejiyar gidan gado, kaji na saka ƙwai a kujerar baya. Ranar rabon gado kowa ya kau da kai, ni kuwa na ce a sa min ita a kasona, har mai rabon ya sake tambayata sau biyu. Shekara biyu da rabi ina zuba mata kuɗi. Na zaga Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, duk wanda na ce wa Morris sai ya ce "Yaris?" ya shige ciki ya ɗauko min abin da ban aike shi ba. Sifanun garejin kaf babu wadda ta zauna daidai a kan wasu notocinta, don awon Whitworth ne irin na Ingila ta da, sai da na yi odar nawa. Yaron rewaya ya ɗaura batir yadda ya saba ɗaura wa kowace mota, alhali ita kan mai alamar tarawa ne yake zuwa jikin bodi, muka sha hayaƙi. Sauran kayan daga Ingila suka zo, don har gobe ana ƙera su sababbi a can. A fam ake biya. Uwargida ba ta san jimilla ba, don Allah kada wanda ya taya ta lissafi.

To, ɗaurin auren ƙaninmu, Asabar, ƙarfe sha ɗaya. Motoci sun fi ashirin a ƙofar gida, amma na kafe sai Morris ce za ta kai wakilin ango. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce a cikinta aka kai shi makarantar kwana, ya tattare riga ya shiga.

Sitiyarinta a dama yake, don an sayo ta tun ana bin hannun hagu, kafin canjin hannu na ranar 2 ga Afrilun 1972. Ke nan Kawu na zaune daidai inda kowa ke sa ran ganin direba. A mahaɗar farko mai ba da hannu ya hango dattijo, hannu ɗaya carbi, ɗaya goro, gabansa fayau, mota kuma na tafiya. Ya busa usur ya sheƙo da gudu: "Baba, ina sitiyarinka?" Kawu ko kallonsa bai yi ba, ya nuna ni da haɓa. In zan wuce wata mota kuwa ba na ganin gaba, sai in ce, "Kawu, a duba min." Amsarsa ɗaya ce kullum, "Allah ya kiyaye," kai kuma ka rasa ko tafi ake nufi ko tsaya.

Mun isa lafiya. Wannan a rubuta shi, don ba ya cikin bidiyo. Na kunna sigina, ɗan hannun nan mai fitila ruwan lemo ya ɗago daga gefen ƙofa, yara suka ɗau tafi. Ga fili can gefe, amma na je na ajiye ta a bakin lungu, daidai ƙofar masallaci, inda duk wanda ya fito sai ya gan ta. Motocin da suka biyo ni duk suka shige lungun suka jeru a bayana. Ban kawo komai a raina ba.

Nan maroƙin ya same ni. Ba sai na kama suna ba, mai jar lasifikar nan da igiya a wuya, wanda ba a ɗaura aure a unguwarmu ba shi. Ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan wace iri ce?" Ni kuwa kun san ba a yi min wannan tambayar a tsira. Na zayyana masa cewa a 1948 aka fara nuna ta a Landan, Alec Issigonis ne ya zana ta, shi ne kuma ya zana Mini daga baya, a Cowley ta gefen Oxford ake ƙera ta, ita ce motar Birtaniya ta farko da ta cika miliyan guda, ba a daina yin ta ba sai 1971. Yana ta gyaɗa kai kamar mai ɗaukar karatu. Sai ya juya ya kafa lasifika a baki:

"Jama'a a buɗe hanya! Ga motar da ta ɗauko Sarauniyar Ingila! Ga jikan mai mota tun ana hawan jaki! Mota mai ladabi, mai miƙa hannu a gaisa!"

Sarauniya a 1956 ta zo Arewa, motar nan kuwa sai bayan shekara uku aka ƙera ta. Na sani sarai. Ban gyara masa ba. Dubu biyar na zaro, sababbi ƙar, na miƙa masa. Ku riƙe min dubu biyar ɗin nan, za mu dawo kanta.

Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, jama'a suka ɓarko waje. Kawu ya shiga ya zauna. Na murɗa makulli, na ja maɓallin sitata, don ita ja ake yi. Ta yi gurnani, ba ta kama ba. Na sake. Na ja cok, a zafin Kano, da rana tsaka, abin da ko yaron gareji ba zai yi ba. Na sake ja, na sake ja, gurnanin na ta raguwa kamar tsoho na jan minshari, har ya koma ƙyat. Batir ya kwanta. Dainamo gare ta, ba ya cajin kirki in ana tafiyar hawainiya, mu kuwa tun daga gida muke rarrafe a cunkoso.

Samari suka taso, Allah ya yi musu albarka, suna cewa, "Alhaji sa ta a giya biyu, a tura." Da na yi shiru da yanzu ba wannan zancen ake ba. Sai na fito na ɗaga musu hannu na ce, "Ba a tura Morris." Wallahi haka na ce, a gaban shaidun aure. Na buɗe but na ɗauko handil, ƙarfen nan da ake juya inji da shi da hannu a tada mota.

Sau biyu na taɓa tada ta da handil, duka a tsakar gida, da singileti, ba mai kallo sai kaji. Yau kuwa babbar riga ce a jikina, farar shadda, aiki har cibiya, daren jiya tela ya kawo ta. Na naɗe hannuwanta a kafaɗa, na durƙusa, na zura handil ta ramin bamba har ya kama. Na juya. Shiru. Na juya. Shiru. Injin ɗan ƙarami ne, 948cc, amma a juyi na goma sai ka rantse tirela kake ɗagawa. Gumi ya fara bin gemu. In na juya sau biyu sai riga ta zamo daga kafaɗa, in tsaya in mayar, in sake. Bayana oda ta ko'ina, har da motar ango. Ta gilashi ina hango Kawu yana murɗa tagarsa sama a hankali, a hankali, har ta rufe.

Sai na ji lasifika.

"Mata masu markaɗe a fito da wake! Inji ya kusa tashi! Alhaji na kan aiki, a bi layi!"

Wurin ya ɗauka. Har liman na gani ya sa hannun riga ya rufe baki.

Ana cikin haka wani ɗan jari-bola ya faka kurarsa, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa mata gefe da ɗan yatsa, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Ya sunkuyo daidai kunnena, cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, ƙarfen da ne wannan, yana da nauyi. In a kilo ne ba zan cuce ka ba." Ban amsa ba. Numfashin amsawar ma babu.

Wanda ya cece ni shi ne tsohon nan mai sai da asuwaki da turare a ƙofar masallacin, wanda shekara nawa ina wuce shi ban taɓa sanin ya san hanyar tasha ba. Ya taso da sandarsa ya ce, "Samari, tun ɗazu nake kasa kunne, ban ji tana ƙyas-ƙyas ba." Ashe tasi ya ja da irinta a Sabon Gari kafin yaƙin basasa. Ya ce in buɗe bonet. Ya leƙa, ya kai bakin sanda ya ɗan daki famfon mai, sau ɗaya tak, irin dukan da ake wa jikan da ake ji da shi. Nan take: ƙyas, ƙyas, ƙyas-ƙyas-ƙyas.

Abin da ya fi ci min rai ke nan. Na san wannan. Famfon manta na lantarki ne, da ka murɗa makulli sai ka ji yana ƙyasƙyas har kafireto ta cika. In 'yan ƙarafan da ke haɗa wuta a cikinsa suka yi datti sai su liƙe, mai ya daina zuwa, ko ka kwana kana juyi ba za ta tashi ba. Na karanta, na kalla, har ƙaramar guduma na ajiye a gaban mota musamman don wannan rana. Sababbin ƙarafan ma na saya, suna cikin durowa a ledarsu tun azumi. Don haka masu cewa motar ce ta ba ni kunya su gyara zance, ita ba ta yi komai ba.

Tsoho ya miƙo hannu ya ce, "Kawo handil ɗin." Na ce, "A'a Baba, ku huta, na gode." Ina so a ce dai ni na tada ta. Ya ce, "To kada ka zagaya babban yatsa, haɗa shi da 'yan'uwansa. Kuma sama ake fizga, ba a danna ƙasa." Na ji shi da kunne, amma a daidai lokacin maroƙin na sanar da cewa an rage kuɗin markaɗe albarkacin ango, zuciya ta ɗebe ni. Na damƙe handil da yatsu biyar, na tattara duk nauyina da na tuwon da na ci tun yaye, na danna ƙasa.

Fam!

Daga nan bidiyon ya fara, amma bari in ba ku a hankali yadda ni na ji shi. Inji ya yi tari ya juyo da baya. Handil ya fizge, ya bugi babban yatsana, na ga taurari da rana. Hannun rigar da ya zamo a karo na ashirin ya faɗa kansa, ya naɗe, na ji ƙyaaat tun daga kafaɗa har ƙasa, irin ƙarar da mai yadi ke yi in ya gama awo. Na yi baya taga-taga, taku ɗaya, taku biyu, na uku babu ƙasa. Na zauna daɓas a kwatar da ruwan alwala ke bi. Hulata ta tashi, ta faɗi a kan gefenta, ta kama gangara. Wallahi mutum ɗari uku suka yi tsit suna kallon hular nan. Ta wuce mai rake, ta kauce wa wani yaro kamar da ido, ta shige ƙarƙashin wata adaidaita, ba ta fito ba.

Shirun ya kai a ce wani ya ce sannu. Sai lasifika, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai sanar da rasuwa:

"Jama'a, ashe har yanzu jakin ake hawa. Ga shi ya yi harbi."

Tsoho ya warware ragowar rigata daga jikin handil, ya miƙo min ita kamar tuta, ya tofa yawu a tafi, ya fizga sama sau ɗaya. Ta tashi. Ta kama ɗan sautin nan nata mai daɗi kamar keken ɗinki, kamar ba ita ba. Aka ɗau tafi da kabbara, maroƙin ya koma kansa da kirari, wai direban Sarauniya ya bayyana, mutane suka yi ta ba tsoho kuɗi. Ni ma dole na ba shi, kuma da hagu, don dama ta fara kumbura. Ya karɓa ya ce ba komai, lalura ce.

Yanzu mu dawo kan dubu biyar. Ni a sanina, abin da kake ba maroƙi rabi na buɗe baki ne, rabi na rufewa. Haka muka taso muka gani. Mutumin nan ya karɓi kuɗina, bai ko bari sun yi ɗumi a aljihunsa ba ya juya min lasifika. Wanda ya ba shi ɗari biyu ma ya tafi gida da mutuncinsa. Kuma batirin lasifikarsa bai mutu ba, awa guda yana ihu, nawa na mota sabo fil minti biyar ya kwanta. Satin da ya wuce na haɗu da shi a wurin suna, tun daga nesa ya ɗaga abarsa: "Alhaji mai handil ya iso!" Da na ja shi gefe na ce ya isa haka, sai ya ce ai sauke suna ya fi raɗa shi tsada. Yaran layinmu sun riga sun ɗauka. Jiya ɗan autana ya dawo daga Islamiyya yana tambayata mene ne handil. Shi kuwa mai ɗaukar bidiyo, janaretana na gidansa wata huɗu ke nan, ya ci gaba da riƙewa, ina nan zuwa.

A hanyar dawowa Kawu bai ce uffan ba sai da muka kai ƙofar gida. Yana fita ya ce, "Kakanka ma haka take yi masa. Sai dai shi yana tuɓe riga tukuna."

Tela ya ce ragowar shaddar za ta yi wa yaro jamfa da wando, in an kauce wa wurin baƙin mai. Ɗan jari-bolar ya gano gidana, kullum da safe sai ya rage tafiya a ƙofa ya gaishe ni da kyau. Ƙarafan famfon suna nan a durowa, in yatsa ya sace zan sa.

Wanda ya san mai adaidaitar nan ya yi min magana. Hular Zanna ce, ruwan toka.