Kun Bar Jaki Kuna Dukan Taiki

Jiya bayan la'asar na leƙa wani shagon gem a nan unguwar Nima ta Accra, neman ɗan yayata da aka aika sayen waakye (shinkafa da wake) tun azahar. Shigata ke da wuya wani saurayi ya sha uku da nema a gem ɗin ƙwallon ƙafa na FC, ya maka fad (abin da ake riƙewa a sarrafa wasan) da ƙasa yana ihu, wai "injin ne, Frostbite banza ne, da Unreal suka sa da ba haka ba." Nan take shago ya kaure, kowa ya zama injiniya. Na ce masa, "Ƙanena, mene ne injin ɗin?" Sai ya hau sosa ƙeya.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, samarinmu: yanke hukunci a kan abin da ba ku sani ba. An ji kalma a YouTube, an haddace, shi ke nan an zama malami.

Injin gem, wato manhajar da ake gina gem a kanta, irin su Frostbite na FC da Unreal, kamar keken ɗinki yake. Keke iri ɗaya, wani tela ya fitar da babbar riga ta zuwa Idi, wani ya ɓata maka shadda. Fortnite da PUBG Mobile duk a kan Unreal aka gina su, ku ce mini sun yi kama? Ko kun manta 2021, da kamfanin Konami ya bar injin Fox Engine ya koma Unreal ɗin da kuke wa kirari, aka fitar da eFootball 2022, duniya ta yi ta dariyar fuskokin 'yan wasa? Kun bar jaki kuna dukan taiki.

Kuma na'ura tana da iyaka. In gem zai tafi sumul, hoto 60 ake zanawa a daƙiƙa guda, kowane hoto ba ya samun ko milisakan 17. A cikin wannan ƙiftawar za a lissafa inuwa, ciyawa, gumin ɗan wasa, da dubban 'yan kallo. Dole a rage wani abu, shi ya sa jama'ar bayan raga suke kama da kwali. PS4 ɗin shagon nan tun 2013 ta fito, giga 8 ne ƙwaƙwalwarta, amma kana neman hoton 4K, mai ɗigo sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080. Wayar da ka tsinto a kasuwar waya ta Circle ta yi zafi, ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, kai kuma ka tsine wa injin. Haba!

 

A da, yaron mai gyaran rediyo a zango sai ya shekara yana miƙa sukundireba kafin ya ce uffan. Tambaya ba abin kunya ba ce a lokacin. Ga Eyram Tawia, ɗan Ghana, a jami'ar KNUST ta Kumasi ya yi karatu, a 2009 shi da abokin aikinsa suka kafa kamfanin Leti Arts, a nan Accra suke ƙera gem. Injin Unity da na Unreal kyauta ake sauke su don koyo, amma wa zai zauna? Surutu ya fi araha.

Saurayin nan dai mai shago ya riƙe masa waya sai ya biya kuɗin fad. Waakyen kuwa ya daɗe da hucewa a leda.