Addu'a ba takardar cefane ba ce

'Yan'uwa cikin Almasihu, ku kasa kunne ga addu'o'in da ake yi a taron tsakiyar mako a majami'unmu na Sakkwato. Kusan duka roƙo ne: aiki, kuɗin makaranta, aure, haihuwa, maƙiya su faɗi. Roƙo ba laifi ba ne, Filibiyawa 4:6 ta ce mu kai bukatunmu gaban Allah tare da godiya. Sai dai Matiyu 6:8 ta ce Uba ya san bukatarmu tun ba mu buɗe baki ba. To, in ya riga ya sani, me muke zuwa yi? A ganina, zuwa muke a tanƙwara nufinmu har ya bi nasa.

Ku duba jerin Addu'ar Ubangiji. Roƙo uku na farko duk na Allah ne: sunansa, mulkinsa, nufinsa. Abinci na huɗu ne, shi ma na yini ɗaya. A Getsamani sau uku Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, amsar da ya samu ita ce alheri ya ishe shi. Wa zai ce waɗannan ba su iya addu'a ba?

Ga mai son farawa, minti 20 sun isa. A garin nan ba ka bukatar agogo, kiran sallar asuba na maƙwabta zai tashe ka, kuma Markus 1:35 ta nuna Yesu ma tun da sauran duhu yake fita. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda ya ajiye addu'a sai rana ko bayan tuwon dare, gyangyaɗi zai yi. Ka tashi daga shimfiɗa, ka wanke fuska, ka zauna ko ka durƙusa nesa da gado.

Minti 5 na farko ka karanta Zabura ɗaya da murya, don bakin da ke motsi yana hana zuciya yawo. Minti 3 godiya, ka ambaci abu uku na jiya da sunansu. Minti 3 tuba. Minti 5 roƙo domin wasu, 2 domin kanka, 2 na ƙarshe ka yi shiru. In da hali ka riƙe Littafi Mai Tsarki na takarda. Na waya yana da kyau, amma WhatsApp na nan kusa da shi, saƙo ɗaya ya shigo an tafi ke nan.

A wurin tuba ne yawancinmu ke zamewa. "Ka gafarta mana zunuban da muka sani da waɗanda ba mu sani ba" mafaka ce mai daɗi, don ba ta taɓa kowa. Ka faɗi abin da sunansa: na tauye mudu, na ci naman wance, na yi wa matata tsawa gaban yara. Zunubin da aka kira da suna yana da wuyar komawa gobe ba kunya. Sannan maganar gaba da ɗan'uwa. Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna, 1 Bitrus 3:7 kuma ta gargaɗi maza cewa wulaƙanta mata na toshe addu'a. Mama a Zumuntar Mata da ta shekara ba ta gaisa da abokiyar zamanta a benci ɗaya, ba ƙarin azumi take bukata ba, sallama za ta je ta yi. Masu kiran wuta a kan maƙiya kuwa, su sake karanta Matiyu 5:44, inda aka ce mu ƙaunaci maƙiyanmu.

Kwanan addu'a na ƙarshen wata abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin ta kullum. Mai lambun albasa a fadama ba ya kwarara ruwan wata guda a dare ɗaya ya tafi. Azumi ma a yi shi da hankali: mai ciki, mai ciwon suga da mai gyambon ciki kada su hana kansu ruwa daga 6 na safe zuwa 6 na yamma a zafin Afrilu don a ce suna da ruhaniya.

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Kowace safiya layi uku: kwanan wata, ayar da ta tsaya maka, da wanda ka yi wa roƙo. Bayan wata 3 ka buɗe Galatiyawa 5:22-23 a gefensa, inda aka jera halayen da Ruhu ke haifarwa, ka tambayi maiɗakinka ko yaron shagonka ko haƙurinka ya ƙaru. In suka yi shiru suna kallon ƙasa, ka ƙara wa tuba minti 2 daga cikin na roƙon kanka.