Gambiya ta kai ƙara, Giwar Afirka tana ina?

Ranar 11 ga Nuwamba 2019 aka shigar da ƙarar gwamnatin Myanmar a Kotun Duniya da ke birnin Hague, bisa zargin kisan ƙare dangi a kan Musulmin Rohingya. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC tana da mambobi 57, ciki har da masu rijiyoyin mai, da masu ɗaruruwan dubban sojoji, da mai makamin nukiliya. Amma sunan da ke kan takardar ƙarar na Gambiya ne.

Don mu san abin da muke magana a kai: faɗin Gambiya bai kai na jihar Gombe ba, jihar Bauchi kuwa ta ninka ta wajen sau huɗu. Ƙidayar 2006 ta ba Bauchi mutum sama da miliyan huɗu da rabi, ita kuwa Gambiya ƙidayar 2024 miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ta ba ta. Ƙasa ce siririya da ta bi gefen kogi, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da ɗan bakin teku. Gyaɗa take sayarwa, sai Turawa masu zuwa shan rana, sai kuɗin da 'ya'yanta na waje ke aikowa gida. Babu iyaka tsakaninta da Myanmar, babu ciniki, babu ɗan Gambiya ko ɗaya a cikin waɗanda aka ƙone wa ƙauyuka a jihar Rakhine.

Ra'ayina shi ne, nauyin ƙasa a idon duniya ba da mudun yawan jama'a ake aunawa ba. Abin da ke ba ƙasa murya shi ne ta ɗauki magana ɗaya ta riƙe, ta tanadi mutanen da suka san hanyarta, ta kuma jure zaman jiran da maganar ke buƙata. Gambiya ta yi haka. Mu a Najeriya mun taɓa yi, yanzu mun saki.

Ku dubi yadda abin ya faro. Daga Agustan 2017 sama da mutum dubu ɗari bakwai suka tsallaka zuwa Bangladesh, suna gudun sojojin Myanmar. A watan Mayun 2018 OIC ta yi taron ministocin waje a Dhaka, aka shirya wa baƙi ziyarar sansanin 'yan gudun hijira na Cox's Bazar. Ministan wajen Gambiya bai samu zuwa ba, sai aka tura ministan shari'a, Abubacarr Tambadou, a madadinsa. Wanda bai san tarihin mutumin ba zai ce cike gurbi ne kawai. Amma Tambadou ya yi fiye da shekara goma yana aikin gabatar da ƙara a kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta yi shari'ar kisan Ruwanda na 1994. Da ya zauna da mutanen sansanin suna ba shi labarin yadda aka tara maza aka harbe, aka yi wa mata fyaɗe, aka cinna wa gidaje wuta da mutane a ciki, kunnensa ya gane abin da yake ji, don ya sha jin irinsa daga bakin shaidu a Arusha, garin Tanzaniya da kotun ta zauna. Sauran manyan baƙi sun jajanta sun hau jirgi. Shi ya koma gida da tambayar lauya: wace kotu ce ke da hurumi, wa kuma ke da ikon shigar da ƙara?

Nan ne ƙanƙanta ta zama riba. Yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 ta ba ƙasashen da suka sa hannu damar kai juna Kotun Duniya. To amma Bangladesh, wadda nauyin 'yan gudun hijirar ke wuyanta, ta gindaya sharaɗi a kan wannan sashen tun lokacin da ta shiga. Malesiya ma haka. Indonesiya ba ta cikin yarjejeniyar sam. Wasu manyan kuma suna da ciniki da Sin, wadda ke tsaya wa Myanmar a Kwamitin Sulhu, ba sa son ɓata lissafi. Gambiya ba ta da sharaɗi, ba ta kuma da wata kadara a Yangon da za a ƙwace. OIC ta mara mata baya, ta shiga gaba.

A watan Disambar 2019 duniya ta kalli abin da ba ta zata ba. Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin Myanmar a lokacin, mai lambar Nobel ta zaman lafiya, da fure a gashinta kamar yadda ta saba, tana zaune a zauren kotu ta zo kare sojojin da suka taɓa tsare ta a gida na tsawon shekaru. 'Yan taku kaɗan daga kujerarta ga wani lauya baƙar fata daga Banjul yana roƙon alƙalai su ce a daina kisa. Ranar 23 ga Janairu 2020 alƙalan gaba ɗayansu, har da wanda Myanmar ɗin ta zaɓa da kanta, suka umarci ƙasar ta kare Rohingya, ta kuma adana hujjoji, ta riƙa kawo rahoto. Myanmar ta dawo da ƙorafin cewa Gambiya 'yar aike ce kawai ta OIC, kuma abin bai shafe ta ba. A Yulin 2022 kotu ta yi watsi da ƙorafin: duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar tana da bakin magana, ko an taɓa ɗanta ko ba a taɓa ba. Ta wannan ƙofar Afirka ta Kudu ta bi a Disambar 2023 da ta kai Isra'ila ƙara a kan Gaza. Masu yaba wa Afirka ta Kudu a nan Facebook, ku riƙa tunawa da wanda ya share hanyar.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini. A majalisarmu ta bayan Isha'i a Wunti, wani dattijo tsohon ma'aikacin gwamnati ya bar ni na gama zuba, ya ajiye kofin shayinsa, ya ce, "Malam, duk na ji. Yanzu Rohingya nawa ne suka koma gida?" Na ce ranka ya daɗe, kusan babu. Ya ce, "To takarda ce." Gaskiyarsa, rabi. Har yau kusan mutum miliyan ɗaya na cikin bukkokin gora da leda a Cox's Bazar. Sojoji sun kifar da gwamnati a Fabrairun 2021, ita Suu Kyi ɗin suka jefa ta kurkuku. Kotun Duniya ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Kuɗin lauyoyi ma ba Gambiya ce kaɗai ta ɗauka ba, sai da aka yi karo-karo a OIC. Amma mu nan Bauchi da Gombe da muka karɓi mutanen Gwoza da Bama da Damboa da Buni Yadi a gidajenmu da kangwayenmu, mun san cewa bayan abinci da wurin kwana akwai wani abin da ke cin ran wanda aka kora daga garinsu: a ce abin bai faru ba, ko a ce shi ya ja. Takardar da ke sa gwamnati ta tsaya gaban alƙali ta amsa tambaya ba wasa ba ce ga irin wannan mutum.

Kuma kada a ɗauka dare ɗaya Gambiya ta tashi da wannan. Tun zamanin Sir Dawda Jawara ta zaɓi wannan layin. A Banjul aka yi tarurrukan tsara Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da aka amince da ita a 1981, shi ya sa ake kiranta da sunan birnin, kuma a can hedikwatar hukumar da ke kula da ita take har gobe. Hassan Jallow ya yi babban mai gabatar da ƙara a kotun Ruwanda. Fatou Bensouda ta riƙe wannan muƙamin a kotun hukunta manyan laifuka ta ICC daga 2012 zuwa 2021. Ƙasar da ba ta samu jami'a tata ba sai 1999 ta fitar da lauyoyin da duniya ke saurare.

Sai dai laifi tudu ne. Shekara 22 Yahya Jammeh ya yi yana mulki, daga 1994 zuwa farkon 2017, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka na zaune a ƙasarsa, shi kuma 'yan ta-kifensa na ɗauke mutane cikin dare. An harbe ɗan jarida Deyda Hydara a Disambar 2004. Ya fice daga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a 2013, ya sanar da ficewa daga ICC a 2016. Magajinsa Adama Barrow ya mayar da ƙasar duka biyun, aka kafa hukumar gaskiya da sulhu, mutane suka zo gaban talabijin suna faɗin yadda suka kashe da wanda ya ba da umarni. Hukumar ta ce a gurfanar da Jammeh. To ina aka kwana? Jammeh na Ikwatoriyal Gini. Barrow ya ƙulla ƙawancen zaɓe da wani ɓangare na jam'iyyar Jammeh a 2021. Wasu daga manyan hukunce-hukuncen da aka ji, a waje aka yanke su: Jamus ta yi wa direban 'yan ta-kifen ɗaurin rai da rai a 2023, Suwizalan ta ɗaure tsohon ministan cikin gida Ousman Sonko shekara 20 a 2024. Ƙasar da ta nemo wa Rohingya alƙali tana jan ƙafa wajen nemo wa zawarawan Banjul nasu. Wannan abin kunya ne, kuma shi ne zai riƙa rage mata kwarjini duk ranar da ta miƙe yin magana.

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin ke min ciwo.

Duk mai wucewa ta gaban kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa ya san mutumin da ke kwance a ciki ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, mako ɗaya da samun 'yanci, lokacin da Najeriya ta zama mamba ta 99. Kafin a rufa shekara mun tura soja Kongo, mun kori jakadan Faransa a kan gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, an kuma matsa wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu har ta bar ƙungiyar rainon Ingila a 1961. Daga baya Murtala ya tsaya a Addis Ababa a Janairun 1976 ya yi wa Amurka tatas a kan Angola. Danmasanin Kano Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya. A wancan zamanin in ka tambayi ɗan firamare abin da Najeriya ta tsaya a kai a duniya, zai gaya maka. Magana ɗaya ce, gwamnatin soja da ta farar hula duk suka riƙe ta.

Yau fa? Ita kanta Gambiya mu ne muka taimaka aka cece ta. Da Jammeh ya sha kaye a Disambar 2016 ya ce ba ya sauka, Buhari ECOWAS ta naɗa mai shiga tsakani, jiragen yaƙinmu suka sauka Dakar, jirgin ruwanmu ya nufi gaɓar, aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, Jammeh ya tattara ya tafi ba tare da an yi yaƙi ba. Ƙarfi muna da shi. Shekara shida bayan haka muka ɗauko irin wannan sandar a kan Nijar, muka yanke wuta, muka rufe iyaka, muka gasa talakan Maraɗi da na Jibiya tare, ƙarshe Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. A Satumbar 2023 aka janye jakadunmu na duniya, aka shafe shekara biyu ofisoshin babu masu su. Ƙasar da ke neman kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu ke nan.

Akwai kuma dalilin da ba a son faɗa. Mai son kai wani ƙara sai ya shirya a tono nasa. Hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ta tabbatar da an binne mutum 347 a rami ɗaya bayan abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015. An jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a 2017, an jefa wa masu Mauludi a Tudun Biri a 2023. A Disambar 2020 Bensouda ɗin nan 'yar Gambiya ta sanar cewa akwai hujjar zargin Boko Haram da jami'an tsaronmu duka da laifukan yaƙi. Da wane baki za mu je Hague?

Ɗan jiharmu Yusuf Maitama Tuggar aka ba ma'aikatar waje a 2023, ya zo da manufa mai ƙafa huɗu: dimokuraɗiyya, ci gaba, yawan jama'a, da 'yan ƙasa mazauna waje. Na yaba masa ranar da ya fito fili ya ce ba za mu karɓi mutanen da Amurka ke son jibge mana ba. Amma manufa mai ƙafa huɗu taken taro ce, ni magana ɗaya nake nema wadda za a san mu da ita, gwamnati ta canza ita ba ta canza ba. In da ni za a tambaya, kare farar hula a yaƙe-yaƙen Sahel da Tafkin Chadi zan ce, don babu wanda ya kai mu sanin ciwonsa, kuma zai tilasta mana mu fara gyara gidanmu.

In kuma wannan ya yi girma, ga ƙarami da za a fara da shi. A Yulin 2005 jami'an Jammeh suka kama matafiya 'yan Afirka ta Yamma sama da hamsin da ke neman hanyar Turai, suka kashe su. Kusan 44 'yan Ghana ne, kusan tara 'yan Najeriya. Iyalan Ghana sun yi ta bin maganar, an mayar musu da gawa shida da dala dubu ɗari biyar a 2009, wanda ya tsira daga cikinsu ya je Banjul ya ba da shaida, har yau ba su yi shiru ba. A Disambar 2024 ECOWAS ta zauna a Abuja ta amince a kafa kotu ta musamman a kan laifukan zamanin Jammeh. Sanatocinmu na Bauchi da Gombe, da 'yan majalisar wakilai, ɗayanku ya miƙe a zauren majalisa ya nemi ma'aikatar waje ta kawo sunayen mutum taran nan, da garuruwansu, da lauyan da zai tsaya wa iyayensu in kotun ta fara zama.