Rikicin Nijar: ƙirga bindigogi bai isa a fahimci siyasar waje ba

Da sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, masu sharhi da yawa lissafi suka kama: sojan Najeriya nawa, na Nijar nawa, wa ke ba wa wutar lantarki. A kan wannan ma'auni, wa'adin mako guda da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta bayar na a mayar da Bazoum ko ta yi amfani da ƙarfin soja ya isa ya girgiza Yamai. Wa'adi ya cika, jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, ko gezau.

Akwai masanan da ke cewa ba a gane manufar ƙasa kan ƙetare sai an san yadda masu mulkinta suke kallon kansu, da tarihin da suka gada. Ina tare da su. Abuja ta saba ɗaukar kanta babbar yaya, wadda ta tura dakarun ECOMOG, rundunar ECOWAS, Laberiya a 1990, ta kuma taimaka aka tilasta wa Yahya Jammeh barin Gambiya a 2017. Tinubu kansa, wanda ke shugabancin Najeriya da ECOWAS a lokacin juyin mulkin, ya yi gudun hijira zamanin Abacha, don haka juyin mulki ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Sojojin Yamai kuwa labarin da suka ba jama'arsu na fita daga ƙangin Faransa ne. Duk takunkumin da ECOWAS ta ƙara, sai ya zama musu hujja.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka manta da mutanen iyaka. Bakatsine ba ya ganin Maraɗi a matsayin wata ƙasa, domin sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa ta, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Daura da Damagaram kasuwa ɗaya suke ci, auratayya kuwa ba a magana. Shi ya sa sanatocin Arewa suka ƙi yarda da yaƙi, kuma malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka samu ganin Tiani, alhali tawagar ECOWAS ta farko a filin jirgi ta tsaya.

Ban ce yuraniyom da kuɗi da makamai ba su da tasiri ba. Amma su kaɗai ba za su bayyana dalilin da ya sa aka janye takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka ƙi dawowa ba, har ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata a Janairun 2025.