Wuya a karye, su kuwa lamba suke nema

Wallahi Legas ta ishe ni. Ƙanena mai gadi ne a wani kamfani a Ikeja, duk wata sai an yanke masa kuɗin inshorar lafiya, bai taɓa karɓar ko Panadol da katin ba. Ranar Juma'a motar hayar nan da ake kira danfo ta buge shi a Agege. Aka kai shi asibiti wuya a ɗaure, yatsunsa sun fara mutuwa. Likita ya ce da alama ɗaya daga cikin ƙasusuwan wuya bakwai ɗin nan ya tsage, a yi hoton CT maza a ga ko laka ta taɓu.

Na ruga tagar 'yan inshora. Matar na latsa waya tana ɓare gyaɗa. Na gaishe ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da ta hure ɓawon daga tafin hannunta sannan ta ja takardar da yatsa biyu.

"Aboki, lambarka ba daidai ba ce."

"Madam, wace lamba kuma?"

Ashe wanda ya shigar da bayani a kwamfuta S13 ya danna, lambar targaɗe da gocewar wuya, maimakon S12 ta karaya. Kamfanin inshora kuwa ya ce ba zai biya CT a kan targaɗe ba. Na ce to a gyara mana, ga likita can ciki. Ta ce mai gyarawa ya tashi, sai Litinin.

"Madam, yaron ba ya jin yatsunsa."

"Ni na buge shi? Ka biya ko ka jira. Na gaba!"

Madalla! Wato laka ma ta san ƙarshen mako, za ta haƙura har Litinin. Mutumin da aka hana shi ko juya kai don kada jikinsa ya shanye, ga ciwo kusa da jijiyar da ke riƙe numfashi, shi ne zai kwana uku yana jiran harafi ɗaya da lamba biyu. Da ba don 'yan'uwa na kasuwar Mile 12 sun yi karo-karo ba, da har yanzu muna bakin tagar nan.

Gobe kuma a fito rediyo ana zagin talaka don ya kai mai karaya wajen mai ɗori ya ja masa wuya. Ina kuke so ya je? Dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshora a kan kowa. Tun 2001 aka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafi zai tafi lafiya. Duk a takarda. Masu sa hannun kuwa, ko matashin kai ne ya danne musu wuya cikin barci, Landan za su kwana, da kuɗinmu.