Ƙafa 14 ba ita ce shaida ba

Wanda ya taɓa inbatar nan ta jiya kafin ta iso shagona a Gusau, Allah ya ƙara basira. Sannu da aiki, injiniya! An cire IC (ƙaramar na'urar lantarki mai ƙafafu) mai lamba CD4011, an dasa mai lamba 74HC00, an karɓi kuɗin bawan Allah, an ce ya je ya kunna. Ya kunna kuwa, sai ƙauri.

Wai hujjarsa, dukansu ƙafa 14 gare su, dukansu NAND (wata irin ƙofar sarrafa sigina) huɗu ne a ciki. To, akuya ma ƙafa huɗu gare ta, sa mata sirdi ka hau mana.

Kama da wane ba wane ba ne. Dangin 4000, irin su CD4011, suna ɗaukar wuta daga bolt 3 har 15, shi ya sa ake jona su kai tsaye a layin batir na bolt 12. 74HC iyakarta bolt 6. Ka ɗura mata 12, me kake so ta yi, ta gode maka? Ko da wutar ta yi daidai ma, ƙafafun ba jeri ɗaya ba ne. A 7400, irin su 74HC00, ƙafa ta 6 ce mafita, ta 4 mashiga. A 4011 ta 4 ce mafita, ta 6 mashiga. Da na cire 74HC00 ɗin, bayanta ya kumbura, dalma kuma an zuba kamar ana liƙin bokiti.

Na san za a ce kaya ba sa samuwa, sai an aika Kano ko kasuwar Alaba ta Legas. Gaskiya ne, ni ma ina jira. Amma rashin kaya bai hana ka buɗe datashit (takardar bayanin IC) ba, kyauta yake a wayar da kake kallon TikTok da ita. Musanya halal ce in ka karanta. HEF4011 ko MC14011 za su zauna a gurbin CD4011 lafiya lau. Tsohuwar 74LS00 kuma 74HCT00 ake sa mata, ba HC ba, don HCT ce ke gane bolt 2 a matsayin siginar "1".

Wallahi abin da ya dame ni mai inbatar ne. Tela ne, da ita yake ɗinkin dare, yanzu zai biya sau biyu. Ku karanta lamba, yara, ku karanta lamba.