Kamun wolai a tafkin da ba shi da zurfi: su ne na awo, ba na jira ba

Masuncin gida ya saba da abu biyu, ko dai ya kewaye kifi da taru, ko ya dasa kalli da mamari ya koma ya jira. A nan arewacin Amurka kuwa kwale-kwale mai inji ne ke tafiya a hankali yana jan kifin bogi a baya, har kifin da ake kira wolai ya kai masa cafka. A ganina gwanintar ba ta cikin kifin bogin da ake ta kashe wa kuɗi, tana cikin awon zurfi da awon gudu.

Wolai shi ne kifin da jihar Minnesota ta ɗauka tambarinta tun 1965. Idonsa na gani sosai a duhu-duhu, shi ya sa ya fi farauta da asuba, da magariba, da ranar da iska ta ɗan kaɗa ruwa. Tafkunan da ake wannan su ba su da zurfi: Winnebago da ke Wisconsin bai wuce ƙafa 21 ba, Mille Lacs da ke Minnesota kuma wajen ƙafa 42 ne iyakarsa. A irin wannan ruwa kifin a warwatse yake bisa shimfiɗar laka, wanda ya kafe wuri guda sai ya wuni a banza.

Kifin bogin na roba ne ko na katako marar nauyi, da ƙugiya mai baki uku, da wani leɓe a gaba. Leɓen nan ke sa shi nutsewa yana karkaɗa idan an ja. A ruwa mai ƙafa 8 zuwa 12, kifin bogi samfurin Shad Rap ko Flicker Shad mai lamba 5 ko 7 ya wadatar. Zaren roba mai ƙarfin fam 10 aka fi amfani da shi, a kan abin naɗi mai ƙidaya tsawon zaren da aka saki. Kada a raina ƙidayar nan. Yawan zaren da ka saki da kaurinsa su ke yanke zurfin da kifin bogin zai kai, siririn zare ya fi nutsewa. Saki ƙafa 60, ka riƙa ƙarawa goma-goma har ka ji leɓen na taɓo ƙasa, sannan ka rage kaɗan ya riƙa tafiya ƙafa ɗaya ko biyu sama da laka. Wolai sama yake kai hari, abin da ya bi ta ƙarƙashinsa ba ya kula shi. Da kifi ya ci, duba lambar, ka mai da sauran sandunan kanta.

Gudu kuma da sanyin ruwa yake tafiya. A watan Mayu, lokacin da ake buɗe kakar su a Minnesota, mil ɗaya da rabi a awa ya isa. Da ruwa ya yi ɗumi sai a kai mil 2 zuwa 2 da rabi. Masu hankali ba sa miƙe hanya ɗoɗar, tafiyar maciji suke yi. A kwana, zaren da ke waje yana ƙara gudu, na ciki yana ragewa, ɓangaren da kifi ya ci shi zai gaya maka ko ka ƙara wuta ko ka sassauta.

Matsalar ruwa marar zurfi ita ce inuwar kwale-kwale da ƙarar inji suna kore kifi gefe. Maganinta wani ɗan allo ne da ake maƙala wa zare, ya ja shi can gefe ƙafa 50 ko fiye, daidai inda kifin ya gudu. A ruwaye da yawa na Wisconsin mutum ɗaya na iya jan zare uku, a galibin ruwayen Minnesota ɗaya tak doka ta yarda idan ba lokacin ƙanƙara ba ne.

Abin da ya fi ɓata su ƙanana ne. Silin ciyawa guda ya maƙale a ƙugiya, kifin bogin ya daina rawa, kai kuwa kana ta ƙona mai. Kan sanda ke tona wannan: muddin yana karkarwa lafiya lau, ya yi tsit to naɗo ka duba. Wani kuma tun daga kwali yake tafiya a karkace. Gwada shi a gefen jirgi, in yana zamewa hagu, lanƙwasa zoben hancinsa dama kaɗan da filaya, kaɗan fa. In kifi ya ci kada a fizga, tafiyar jirgin ta riga ta kafa ƙugiya, fizga yaga baki kawai take yi. A sassauta birkin abin naɗi, a naɗo sannu, jirgi na tafiya.

Sarkawan Yawuri ko masuntan Baga sun fi yawancin masu jiragen nan sanin ruwa, da ido suke karanta shi ba da na'ura ba. Sai dai su abinci suke nema, wanda ke ciyar da gida ba zai ƙona fetur wuni guda don kifi huɗu ba. Nan nishaɗi ne, da lasisi, da iyakar adadi, a wasu tafkuna har da tsawon da dole a mai da kifin ruwa. Duk da haka dabarar ba baƙuwa ba ce ga kifinmu: a tafkin Nasser na Masar da irin wannan jan ake kama giwan ruwa. Mai son gwadawa a Kainji sai ya nemi babban kifin bogi da zare mai kauri, ya ɗaura ɗan guntun waya a gaba, don haƙoran tsage ba sa barin zaren roba.